Akwatin da Bai Ji Hannun Mai Safa Ba

Ina riƙe da ƙarfen narka dalma, na sunkuya a kan wata tsohuwar rediyo, sai wayata ta yi ƙara. Babbar 'yar Mai Safa ce, wadda take aikin jinya. Ta ce, "Baba, a zaune kake?" Na ce a zaune nake. Ta ce, "Abokinka ya tafi. Yanzu da hantsi, a kan kujerarsa." Ban san abin da na amsa mata ba. Sai da na ji ƙaurin roba na gane na ɗora ƙarfen a kan igiyar fanka. Na zare shi daga wuta, na ɗaga kai, idona ya faɗa kan safar hannunsa, farare tas, a ninke a kan akwatin kiɗa, inda ya bar su shekaranjiya.

Ni ba mai rubutu ba ne, gyaran rediyo da lasifika na iya. Amma idan ban faɗi labarinsa ba, ban san wanda zai faɗa ba.

Shekara talatin da ɗaya yana ba motoci hannu a mararrabar da ke gaban shagona. Farar safar da yake sawa ce ta ba shi suna. Saiti uku gare shi, kullum da yamma ya wanke wadda ya sa, ya shanya da kansa, ba ya yarda kowa ya taɓa. Abotarmu ta fara ne ranar da ruwa ya koro shi cikin shagona, ya tsaya yana ɗiga a kan kayan mutane. Na ce masa nan ba rumfar fakewa ba ce. Ya ɗaga min tafin hannu kamar yadda yake yi wa manyan motoci, na kuwa yi shiru. Daga baya ya yi dariya, ni ma na yi. Tun ranar gorar ruwansa take zama a ƙarƙashin teburina.

Ba mai yawan magana ba ne. Matarsa takan ce, "Ni dai na auri hannu, bakin ban gan shi ba." Yara na rigima, ya ɗaga tafi, gida ya yi tsit. Ya san direbobi da ƙarar odarsu. Kuma yana iya miƙe hannu a iska ya daɗe bai motsa ba, har nakan tsokane shi in ce zan rataya rigata a kai. Shi kuma yana ce min Injiniyan Ƙarya, wai duk rediyon da na gyara takan dawo gaishe ni bayan mako.

Sai aka kafa fitilun ba da hannu a mararrabar. Aka sallame shi da takardar yabo da agogon bango. Washegari ya zo cikin kayan gida, ya tsaya a ƙofar shagona yana kallon fitilar tana ja, tana kore.

"Ba ta gajiya," ya ce.

"Ba ta gajiya," na ce.

"Amma ba ta san tsohuwa za ta tsallaka ba."

Daga nan ya ɗauke ƙafa. Wata goma sha ɗaya bai leƙo ba. Ni nake zuwa, in same shi a kan kujerar falo, hannuwansa biyu a tsakanin gwiwoyi kamar ya ɓoye wani abin kunya. 'Yarsa ta ce min jininsa na hawa, amma abin da ya fi damunta zaman ne. Ta ce, "Baba, in har bai riƙa fita ba, zaman nan ne zai cinye shi." Na yi masa lallashi, na yi masa gori, na ma yi ƙaryar cewa gorarsa na tare min wuri. Ya ce in jefar.

Ana haka sai surukina, mijin 'yata, ya kawo min wani abu. Shi da abokinsa suna da ɗan ɗaki inda suke haɗa kayan kiɗa na lantarki da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Wannan sabo ne, goma sha biyu kacal suka yi. Sintesaiza suke ce masa. Ya ce in ajiye shi wata ɗaya a shago in ga yadda zai jure zafi da wasan wuta, domin babu kwamfuta a cikinsa, irin haɗin da ne, kamar tsoffin rediyon da na sani.

Akwati ne na katako mai duhu, girmansa bai wuce ƙaramar jakar tafiya ba. Maɓallan murɗawa shida, jar fitila ɗaya. Babu abin dannawa irin na piyano. Sanda ce ta ƙarfe a tsaye a dama, da faranti na tagulla a kwance a hagu. Ba a taɓa ko ɗaya. Idan hannun dama ya kusanci sandar, murya ta yi sama, idan ya ja baya ta yi ƙasa. Hannun hagu kuwa, ka ɗaga shi daga farantin ƙara ta ƙaru, ka sauke ya yi shiru. Sai ya yi minti goma a kunne kafin muryarsa ta daidaita, kamar tsohon da ya tashi daga barci. Da rana ta take yakan ɗan zame. Amma idan ya natsu, muryar nan tana da kauri da ɗumi, har ka ji ta a ƙirji. Ni dai da na gwada, kukan kyanwar da aka taka wa wutsiya kawai na samu. Tela maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko wani ne ba lafiya.

Matsalar, hannuna rawa yake yi. Abin yana son hannun da zai tsaya cak a iska. Ina faɗin haka a raina na rufe shago na tafi gidan Mai Safa.

"Na samu abin da ba ya jin hannun kowa," na ce masa.

"Ina ruwana?"

"Babu. Na dai gaya wa tela ko kai ba za ka iya ba. Ya ce ai dama ka tsufa."

Washegari ƙarfe tara sai ga shi, da safa a hannu.

Ya tsaya gaban akwatin kamar yadda yake tsayawa a tsakiyar titi, ƙafafu a ware. Ya miƙa hannun dama, murya ta fito guda ɗaya, doguwa, ba ta karkace ko kaɗan ba. Ya yi irin kiran nan da yake yi wa motoci su taho, muryar ta yi ta hawa da sauka a hankali kamar mai lallashin jariri. Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa. Ni kuwa na juya baya ina neman sukundireban da ke hannuna.

Da ya so ya tsayar, sai ya yi abin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana yi: ya ɗaga tafin hagu sama da ƙarfi. Akwatin ya kurma ihu har gilashin kantar shagon ya yi rawa. Ya ƙara ɗagawa, ihun ya ƙaru. Sai da na zare filogi.

"Wannan wane irin marar tarbiyya ne?" ya ce. "Na ce tsaya!"

"Shi sauke hannu ne tsayawarsa."

"A wace ƙasa?"

Amma ya dawo bayan kwana biyu, ya kuma ci gaba da dawowa. Kullum haka: ya yi kiɗa mai daɗi, ya zo ƙarshe, hannu ya tashi da kansa, komai ya lalace. A rana ta shida na ga ya zauna ya mayar da hannuwa tsakanin gwiwoyi. Na san idan ya koma kujerar falon nan, ba zai sake fitowa ba.

Shi ya sa na yi abin da ban taɓa yi wa kayan wani ba. Bayan ya tafi na kwance bayan akwatin, ba tare da na tambayi surukina ba, na juya wayoyi biyu, yadda ɗaga hannu zai zama shiru. Na ɗaure, na goge sawun yatsuna.

Da safe ya zo, ya kunna, ya jira minti gomansa. Ya fara, ya ji abin ya canza, ya ɗaga tafi, akwatin ya yi tsit. Na fara tafa masa. Shi bai ko yi murmushi ba. Ya juyo ya kalle ni irin kallon da yake yi wa direban da ya miƙo masa wani abu ta taga.

"Injiniyan Ƙarya, me ka taɓa?"

"Ni? Zafi ne, ka san abin ba ya son zafi."

"Mayar da shi."

"Haba, ai yanzu yana jin maganarka."

"Tausayina ka ji." Sannan ya ƙara da cewa, "Shekara talatin mutane suna koyon hannuna, babu wanda na gyara wa titi. Yanzu ni ne sabon direba. Ka bar ni in koya."

Kunya ta rufe ni. A gabansa na kwance na mayar, yana tsaye a kaina yana cewa, "Kar ka bar dunƙulen dalma, na san aikinka." Da yamma na kira surukina na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce, "Baba, ku riƙe shi har sai ya iya. Wata ɗayan nan ba dole ba ne."

Mako bakwai ya yi yana zuwa, Litinin, Laraba da Asabar. Gorarsa ta koma aiki. Ya fara faɗa da tela a kan ƙwallo. Matarsa ta aiko a gaya min wai yanzu a falo yake tsayawa yana sauke hannu a hankali a kan tebur, ita ta zaci addu'a yake yi. Wata rana ya cire safar don zafi, ya gane abin ya fi jin fatar hannu. Ya daɗe yana kallon tafinsa. Ni ma ban taɓa lura ba sai ranar, hannuwan sun fi fuskarsa haske, don rana ba ta taɓa ganinsu ba.

Shekaranjiya, Asabar, ya yi wani kiɗa nasa na kansa, marar suna. Ya ce hayaniyar mararraba ce da sassafe, kafin motocin makaranta su fito. Da ya zo ƙarshe na zuba wa hannunsa ido. Na ga kafaɗarsa ta motsa za ta tashi, ya danne ta. Hannun ya sauko a hankali, muryar tana siririncewa, har ta ɓace, muka ji ƙarar fanka kawai.

Ya kashe akwatin da kansa. Ya ninke safar ya ɗora a kai, ya nufi ƙofa.

"Ka manta safarka," na ce.

"Ban manta ba. Ajiye min, Litinin zan zo."

"In ba ka zo ba fa?"

Ya juyo daga bakin ƙofa, yana dariya. "Sai ka sa su ka tsaya a titi, mu gani ko keke ma zai tsaya maka."