Waƙar da Inna ta ƙi yi wa rawa

Salamu alaikum jama'a. Zalika ce, ina nan da raina. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa na yi kuɗi na daina zuwa bukin talakawa. Ina ma hakan ne. Jinya na yi, kuma sai yau bakina ya buɗe.

Abin ya faro ne da gajiya. Na ce palu ce, zazzaɓin sauro, na sha magani. Na je likita aka yi analiz ɗin jini, aka auna tansiyo ko hawan jini ne, aka ce ƙalau nake. Na dawo unguwarmu Harobanda, a ƙetaren kogin Yamai, da takarda mai cewa lafiyata lau, ni kuwa ko tsintsiya na ɗauka sai in ji kamar buhun gero.

Safiya ce ta fi yi mini muni. Da ladan ya kira salla, wani nauyi zai zauna mini a ƙirji, in yi ta kuka babu dalili. Maigidana Isuhu zai tada takisi ya fita nema, in ce masa a dawo lafiya, in rufe taga in koma shimfiɗa. Sai rana ta yi sanyi nake zama mutum. Da magariba kuwa in yi kwalliya in kama mikro ina waƙa, ku gan ni ina dariya.

Mu mawaƙa mun saba ajiye wahala a dare, sauƙi a wayewar gari. Ni ma haka na yi ta rerawa shekara da shekaru. Amma a jikina abin ya juye. Dare ne ke rufa mini asiri, safiya ke tona shi.

A wannan halin na yi waƙar da kuka fi so:

Dare ka daɗe, kada ka tahi,
Rana ki dakata bayan kogi.

Amare suka ɗauke ta. Babu bukin da ba a ce in maimaita ba. Kuna rawa, kuna cewa Zalika ta iya soyayya. Ban ga laifinku ba, ni na sa mata kiɗa mai daɗi. Amma zan faɗa muku ƙarara: lokacin da na yi ta, roƙon Allah nake in kwanta kada in tashi. Na tsorata da kaina.

Waƙar ta yi tafiya har Dogonduci, inda mahaifiyata take. A wani buki aka kunna ta, mata suka ja Inna fili, wai ta taka waƙar ɗiyarta. Ta saurara, ta koma ta zauna. Inna ta girma cikin matan da ke zuba damuwarsu a waƙar daka, abin da ba su iya faɗa wa kowa su faɗa wa turmi. Kunnenta ba a kan kiɗa yake tsayawa ba.

Washegari ta hau mota zuwa Yamai, ba ta ko kira ba. Ta kwana wurin ƙanenta, ta sallamo mini da sassafe da gangan. Ta same ni a duhun ɗaki, ko fuska ban wanke ba.

Na ce, "Inna, ina kwana? Lahiya lau nike."

Ta ce, "Ban tambaye ki ba tukuna. Wadda ta yi waƙar ga ba miji taka jira ba. Mi rana ta yi miki, ɗiyata?"

Na kifa kai a cinyarta, na faɗa mata duka.

Da Isuhu ya ji, ya zauna bakin ƙofa ya riƙe kai. Ya ce, "Kullum waƙar ga nika sa ma fasinja, wallahi ban sani ba."

Mun yi addu'a, an yi mini rubutu na sha. Inna ce ta ce a haɗa da likita. Da muka ƙetare gada zuwa sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, na ja mayafi na rufe fuska, kada wani ya gane ni ya ce Zalika ta haukace. Muka bi layi a kan benci har rana ta take.

Lokotoron da ta duba ni, wata mata mai sanyin murya, ta tambaye ni lokacin da abin ya fi tsanani. Na ce da safe. Ta gyaɗa kai ta ce, "Da yawa haka suka ji. Ciwon damuwa ne, kuma shina da magani. Ba rashin imani ba ne."

Maganin bai yi aiki nan take ba. Makonnin farko jiri da bushewar baki kawai na samu, har na so in watsar. Ga tsadarsa a farmasi, ga komawa randebu duk ranar da lokotoro ta sa mini, sai da na saida leshina biyu. Inna ta zauna da ni har bayan damina. Kowace safiya ta buɗe taga kaɗan, ta ajiye kunu, ta zauna kusa da ni.

Wata safiya na riga ta tashi. Ni na buɗe tagar. Ba wani farin ciki na ji ba, yunwa kawai na ji, na ce a sayo mini ƙosai. Inna ta juya baya tana goge ido.

Har yanzu ina shan magani, kuma akwai ranakun da nauyin ke leƙowa. Amma na gode Allah, na gode wa Inna da Isuhu da lokotoron da ba ta yi mini dariya ba.

Wanda ke jin irin abin da na ji, ya faɗa wa mutum ɗaya, ya je likita, kada ya yanke magani da kansa. Ku kuma masu 'yan uwa, kada kwalliyar yamma ta ruɗe ku. Ku je gaisuwa da safe.

Ranar Asabar na koma buki. Amarya ta ce sai waccan waƙa. Na rera ta, amma da na zo ƙarshe na ɗaga wa makaɗa hannu, na ƙara baitin da babu shi a da:

Dare na gode, je ka huta,
Rana ƙetaro, ina gida.

Inna tana zaune can baya cikin tsofaffi. Ta ajiye sandarta, ta gyara ɗaurin zane, ta shigo fili.