Hannun da Ke Jikin Motar Yaya Lawali

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba labarin wani ba ne. Shekarun baya ne, ina karatun injiniya, na zo hutu gida Tasawa da ordinater ɗina, wato kwamfuta. Aikina shi ne in zana mota a ciki, in lulluɓe ta da wata raga mai ƙananan idanu, na'ura ta lissafa yadda iska ke bin jikinta in tana gudu. In raga ta yi kyau lissafi ya yi kyau. Kuma rabin mota kawai muke zanawa, tunda hagu da dama ɗaya ne, sauran rabin na'ura ke kwafowa kamar madubi.

To yayana Lawali yana da motar haya, yana kai 'yan kasuwa Mayahi har Issawane, kullum kukansa motar tana ja dama, makanikai sun duba har sun gaji. Ya ce, "Kai injiniya, duba mini ita, ko bokon naka na cin tuwo ne?"

Na auna ta, na zana ɓangaren direba, wato hagu. Da rana tsaka ne, ina zaune a zaure sakamako ya fito, sai na ga a ɓangaren dama, wanda kwafi ne kawai, iska tana kauce wa wani abu a jikin ƙofa. Abin da ba ya yiwuwa kenan, madubi ba ya ƙara abin da babu. Na ce raga ce ta lalace, na ƙara mata ƙananan idanu na sake. Maimakon ya ɓace sai ya ƙara fitowa, ga kafaɗa, ga hannu ya riƙe saman mota.

Na nuna wa Yaya, ya yi dariya ya ce aljanin ma sai ya biya kuɗin mota. Washegari ya yi lodi ya tafi.

Hankalina bai kwanta ba, na sake matse ragar. Wannan karon ɓangaren dama fes yake. Hannun ya dawo hagu, daidai tagar direba.

Nan take na kira Yaya a waya. Ya ɗauka da fara'a, ya ce, "Albishirinka, ta bar jan dama. Yanzu hagu take ɗan ja."

Na ce, "Yaya, don girman Allah tsaya ka fita."

Ban san me ya ji a muryata ba, amma ya tsaya kusa da garin Sarkin Hausa, ya sauke mutane suna zaginsa, ya koma Mayahi a amalanke. Bai sake hawan motar ba, ya sayar wa masu yanka ƙarfe ya sayi babur.

Ni dai shawarata, in abin hawanku ya fara ja gefe an rasa dalili, kada ku mai da shi wasa, ku riƙe addu'ar tafiya. Don shekaranjiya Yaya ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce babur ɗin ya fara ja hagu, ko zan duba mishi. Har yanzu na kasa buɗe ordinater ɗin.