Kujerar dama a jirgin Yaya Sule

Bana shekara bakwai ke nan da muka sallaci Yaya Sule a Harami, muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa. Da na so in bar shekarar ta wuce shiru kamar sauran, sai ɗansa Mansur ya kira ni ya ce ya samo wanda zai sayi jirgin saman da ubansa ya bari a warsha, wato garejinsa na unguwar Rusaifa. Na ce masa, haba Mansur, jirgin babanka? Ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, wannan jirgin shi ne ɗansa, ba ni ba. Kalas, shi ke nan, a ɗauke shi."

Maganar ta soke ni, domin na san da gaske yake, kuma na san inda ta samo asali.

Yayana makanikin motocin alhazai ne. Duk shekara idan bas ta mace tsakanin Arfa da Muzdalifa, shi da irinsa ake nema. A unguwar Jarwal, kusa da Harami, aka haife mu, amma tarbiyyar Kano iyayenmu suka yi mana, kuma shi ya riƙe ta fiye da kowa a gidan. Cikin abin da ya riƙe har da kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunan Mansur, sai dai "yaron nan". Ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi. In Mansur ya shigo ɗaki ya zauna kusa, sai Yaya ya tuna yana da wani aiki a waje. Mu da muka tashi a haka mun san ƙauna ce take sa mutum wannan kawaicin. Shi kuwa Mansur a makarantar Larabawa ya girma, inda uba ke sumbatar ɗansa a bakin ƙofa, har a riƙa kiran uban da sunan ɗan. Me kake so ya fahimta? Ya ɗauka ba a son sa ne kawai.

To ana nan sai Yaya ya kamu da son haɗa jirgin sama da hannunsa, irin ƙananan nan da kamfani ke aiko maka gunduwa-gunduwa cikin akwatunan katako. Mun yi masa dariya har muka gaji. Na ce, Yaya, a garin da ko filin jirgi babu, kuma ba a barin kowa ya yi shawagi a samansa, ina za ka tashi? Ya ce ai akwai fili a wajen gari inda masu irin wannan haukan ke taruwa, kuma ya riga ya fara koyon tuƙi a can. Ko gezau bai yi ba.

Zaɓen jirgin ya fi komai cin ransa. Da farko wani ya yi masa tayin wanda aka riga aka haɗa, yana tashi lafiya. Ya je ya leƙa cikinsa da tocila, ya dawo ya ce shi ba zai hau sama a kan ƙusar da bai ga hannun da ya buga ta ba. Jirgi mai jikin yadi kuma, ya ce ranar Hijaz za ta cinye shi kafin ya gama biyan buƙata. Ya tsaya a kan na alminiyam, tunda ƙarfe ya sani tun yana saurayi. Duk wannan bai ɗauke shi wani lokaci ba. Inda ya maƙale shi ne maganar kujeru. Akwai mai kujera ɗaya a gaba ɗaya a baya, kamar goyon babur, akwai kuma wanda mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa. Na farkon ya fi sauri, ya fi sauƙin shiga warsharsa, kuma abokansa na filin duk shi suka ba shi shawara. Ya yi ta juya maganar har aka yi aikin hajji aka watse bai yanke ba. Ni har na fara tsokanarsa, ina cewa ko sai mun kai shi wurin malami a yi masa istihara.

A ƙarshe ya zaɓi na kafaɗa da kafaɗa, mai faɗin ciki. Bai faɗa wa kowa dalili ba. Akwatuna suka iso ta Jidda, ya duƙufa. Ya gama jela, ya gama fiffike ɗaya, ya haɗa gangar jikin har ya kafa kujeru, sai ciwon zuciya ya yi masa sallama.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Layinmu na Jarwal ya zama otal-otal, ko ƙofar gidanmu ba zan iya nuna maka ba. Lokacin hajji jirage marasa matuƙi ke yawo a kan Muzdalifa, inda ya sha kwanciya ƙarƙashin bas. Samarin filin nan yanzu ta waya suke odar jirgi rabinsa a haɗe. Na san zai taɓe baki ya ce wannan ai sayen tuwo ne, ba tuƙawa ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne me zai ce da ya ji ɗansa, mai 'ya'ya biyu yanzu, yana cewa ubansa ya fi son alminiyam a kansa. Ina jin ba zai ce komai ba, zai sunkuyar da kai ne ya fita, kuma wannan shirun ne ya jawo duk abin.

Ranar da mai sayen zai zo na riga kowa zuwa warsha. Da Mansur ya iso tare da mutumin, muka yaye tamfol, ƙura ta turnuƙe. Mutumin ya shiga kujerar hagu, ta matuƙi, ya ce lafiya lau. Ya koma ta dama, sai ya yi ta miƙa ƙafa bai kai feda ba. Ya ce wanda ya haɗa wannan ya yi kuskure, ya tura kujerar baya da yawa, sai an cire an sake.

Na ce Yaya Sule ba ya irin wannan kuskuren. Na ce, Mansur, shiga ka zauna.

Mansur dogo ne, ya fi ubansa tsawo nesa ba kusa ba. Ya shiga yana ɓata rai. Ƙafafunsa suka sauka a kan feda daidai, kafaɗarsa ta zauna ba matsi. Ya dube ni.

Nan na gaya masa abin da na sani. Kafin Yaya ya yi odar jirgin, ya aike ni wurin telan da ke ɗinka wa Mansur jallabiyar salla, ya ce in karɓo masa awon kafaɗa da tsawon ƙafar yaron nan. Da kansa ba zai iya ɗora masa tef ba. Mutumin da ba ya iya zama tabarma ɗaya da ɗansa ya nemo wurin da babu halin tashi a fita, ya yi wa yaron kujera a gefensa.

Mansur ya kama sandar tuƙi ya riƙe. Da ya buɗe baki, da Hausa ya yi, shi da sai dole yake yin ta. Ya ce, "Baffa, ya taɓa faɗin sunana? Ko a bayan idona?"

Wallahi na so in yi masa ƙarya. Na ce a'a, ko sau ɗaya ban ji ba.

Ya gyaɗa kai, hawaye na zuba, ya ce wa mai sayen ya yi haƙuri, an fasa.

Ban sani ba ko jirgin nan zai taɓa tashi. Saura fiffike guda, saura inji da farfela, kuma Mansur ma'aikacin ofis ne, ko taya bai iya canzawa ba. Al'adar da Yaya ya riƙe ma ba zan ce ta yi masa adalci ba, domin ta hana shi abin da ya fi so, ta bar yaro yana zargin ubansa har bayan ransa. Ina kewarsa, kuma ina jin haushinsa kaɗan. Abin da ya rage nasa a duniya bai wuce wannan ba: aiki mai tsabta da ba a gama ba, da ɗa wanda ya sani yanzu. Da na rufe warsha na ce mu tafi, Mansur ya ce in bar masa makullin, yana so ya ƙara zama kaɗan.