Bangon da Muke Kaɗawa

Ranar wata Talata ce cikin watan Agusta, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a Gashuwa. An kwana uku ana tsuga ruwa, sai da hantsi ya ɗan tsagaita. Ni da ƙanwata Yagana muka zagaya bayan ɗakin Kaka Falmata, mahaifiyar babanmu, kowa da guntun kara a hannu, muka hau kaɗa bango. Wurin ya daɗe yana ba mu amo irin na ganga, amma ranar amon ya yi zurfi, har muna jin wani abu yana zubowa ta ciki kamar ana tsiyaya gero a ƙwarya. Muka yi ta tsalle don murna.

Ɗakin soro ne na ƙasa. Kakanmu ya gina shi da tubali, kaurin bangon ya fi kamu ɗaya, rufin kuma azara. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da yashi ke ƙona tafin ƙafa, in ka shiga sanyinsa sai ka ce cikin randa ne. Kowace shekara kafin ruwan fari, Baa Modu magini yakan zo yaɓe. A ɗebo ƙasa a kan jakuna, a zuba mata ƙaiƙayi da kashin shanu, mu yara mu shiga mu yi ta tattakawa har ƙafafunmu su yi tsami, sannan a bar ta ta kwana biyu. Wari kam ba a magana. Tsohon yakan bi bangon da tafin hannu, ya toshe kowace tsaga, ya daidaita indararo, Kaka tana bin sa da ƙwaryar fura tana masa tsiya wai hannunsa ya tsufa.

Da kasuwar bandar kifi ta buɗe wa Baba, sai gidan ƙasa ya fara ba shi kunya. Ya ce a shafe shi da siminti ciki da waje. Baa Modu ya ƙi aikin. "Alhaji," in ji shi, "ƙasa numfashi take yi. In ka toshe ta, ta ciki za ta ruɓe." Baba ya yi dariya, ya ce tsohon abincinsa yake karewa. Ya ɗauko magina daga Nguru, aka shafe, aka yi shuɗin fenti, aka gargaɗe mu kada wanda ya kuskura ya taɓa. Yaɓe ya ƙare, mu kuwa muka huta da tattaka. Damina biyu bayan nan Kaka ta fara cewa, "Ɗakin nan warin rijiya yake yi." Aka ce tsufa ne.

Ashe ruwa ke shiga ta 'yar tsagar da ke gindin indararo, ba shi da hanyar fita. Ƙasar ta jiƙe ta rabu da simintin, shi ne gangarmu. Ni na gano wurin, ni kuma na sa Yagana ta rantse ba za ta faɗa ba, don tsoron bulalar Baba.

Ranar Talatar nan, da muka gama kiɗan, Inna ta ba ni kunu in kai wa Kaka, wadda ciwon gwiwa ya kwantar. Ta dube ni ta ce, "Takwara, wa ke buga min bango? Ƙasa har kan shimfiɗata."

Na ce, "Awaki ne, Kaka."

Bayan azahar ruwa ya dawo. Ba a kira la'asar ba bangon ya zauna, rufin ya biyo shi. Ƙarar ma ba ta kai yadda mutum zai zata ba. Simintin ya farfashe kamar ɓawon ƙwai, abin da ke ciki taɓo ne zalla. Baa Modu na cikin masu tono da hannu, ko kallon Baba bai yi ba. Aka zaro Kaka babu rai, kafin magariba an kai ta makwancinta.

Yau a Nguru nake aure, cikin gidan bulo da rufin kwano. Da bazara ɗaki ba ya shiguwa, 'ya'yana ba su san akwai ɗakin da ke sanyi ba tare da fanka ba. Baba ya rasu yana ganin laifin nasa ne shi kaɗai, ban taɓa iya gaya masa ba. Har yanzu duk gidan da na shiga sai na ƙwanƙwasa bangonsa a ɓoye, in kasa kunne. Da ma na ce wa Kaka mu ne.