Taken da Baba Idi ya ɓoye wa 'yan talabijin

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai mahaifina, Baba Idi makaɗin noma, makwancinsa a Ɗanzomo. Ban saba rubuta komai a kansa ba idan shekara ta zagayo, addu'a nake yi masa in yi shiru. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne, ranar Asabar da ta wuce gidan talabijin na gwamnati ya sake nuna tsohon shirin al'adun gargajiya da aka yi a kansa, wayata kuwa ba ta huta ba har magariba. Daga nan Gumel, daga Maigatari, har wani abokin aikina da rabona da shi tun kafin in yi ritaya, kowa cewa yake, "Malam Musa, mun ga Baba, Allah ya jiƙan maza." Na amsa da amin. Sai dai ni mutum ne da idan aka cika yaba mini abu nakan koma in sake duba shi, kuma wannan halin a gida na gaje shi.

Bari in faɗi abin da na daɗe ina riƙewa. Kiɗan da kuke ji a shirin nan, wanda ake cewa taken manoman Ɗanzomo ne, ba shi ba ne. Hannun Baba ne, gangarsa ce, amma ba taken kowa ba ne. Na gaskiyar yana wani ɗan wuri a farkon shirin, bai wuce lokacin da mutum zai yi alwala ba, kuma shi nake tsoron ya salwanta.

Ga waɗanda suka taso a zamanin maganin feshi, take wani kiɗa ne da makaɗi ke ware wa mutum ɗaya, sunansa ne a bakin ganga. Ranar gayya, idan manoma suka jeru kowa da kuyyarsa, Baba yana biye da su da ganga a rataye. Da ya ga wani ya fara sanyi sai ya saki takensa, nan take mutumin ya tsuma, ya kurma ihu, ya wuce na kusa da shi. Wani taken ma gado ne, daga kakan mutum ya sauko masa. Baba yana da doka ɗaya da ban taɓa ganin ya karya ba: ba ya ɗaukar gula ya kaɗa taken mutum sai da damina, sai a gona, sai mai shi yana tsaye da hauya a hannu. Yakan ce take kira ne, ba a tayar da namiji tsaye alhali babu aikin da za a ba shi.

Ni ne ɗansa na fari, ni ya kamata in gaji gangar. Sai na bi boko, na sami aikin ofis, na koyi saƙala biro a aljihun gaba. A lokacin babu abin da na tsana kamar a ce mini ɗan makaɗi. Amma ranar da 'yan talabijin suka shigo ofishinmu suna neman makaɗin noma na asali, bakina ya riga ni, na ce ai mahaifina ne. Gangar da nake jin kunyarta ta zama abin ado tunda za ta shiga talabijin. Ni na kai su Ɗanzomo da ƙafata, wannan laifin ba na ɗora wa kowa.

Da bazara suka zo, ana tsananin zafi, ko ɗigon ruwan fari bai sauka ba. Mai shirya shirin, wani dogo da fara'arsa ta yi mini yawa, ya ce da damina hadari yana ɓata musu hoto, ga tsoron ruwa ya taɓa kayan aiki. Sun taho da sababbin hauyoyi daga kasuwar Maigatari, ƙotarsu fara tas, ko gumin hannu ba ta sani ba. Suka kwaso 'yan dako da masu zaman jira a tasha, aka raba musu, aka ce su noma rairayi. Manoman gaske kuwa, irin su Baba Tanko, babban aminin mahaifina, suka ce su ba su iya noman rani a gonar gero ba. Suka koma gindin gawo suka zauna kallon ikon Allah.

Kafin a fita, Baba ya ja ni zaure. Ba ya kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, sai ya ce, "Kai, baƙin nan naka, idan sun zuba kiɗan a akwatinsu, wa zai riƙa kaɗa shi?"

Na ce, "Baba, na'ura ce, kunnawa kawai ake yi."

"Har da rani?"

"Ko yaushe aka ga dama."

"Ko mai taken yana kwance ba lafiya? Ko ya mutu?"

Na ce ai amfanin abin ke nan, tarihi ake adanawa. Ya dube ni ya ce, "To." Duk wanda ya zauna da Baba ya san wannan "to" ɗin ba amincewa ba ce, amma ni a ranar hankalina yana kan ko babbar rigata za ta fito a hoto.

A gona ya ce a ba shi lokaci ya gyara ganga, zafi ya sa fatar ta ɗaure da yawa. Ya zauna a ƙasa yana fuskantar gindin gawo, yana jan igiya, yana ɗan taɓa fatar da yatsu a hankali. Mai kyamara ya ɗauka don ya cika hoto. Sannan ya miƙe ya ɗauki gula, ya shiga kiɗa ba ji ba gani, yana ambaton manoma ɗaya bayan ɗaya. 'Yan dako suka yi ta saran rairayi, dogon nan yana ta murna. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Da aka ambaci Tanko aka saki kiɗa, na waiwaya, na ga Baba Tanko yana ɓare goro, ko kafaɗarsa ba ta motsa ba. Mutumin da na sha gani yana jin takensa daga nesa ya yar da ƙwaryar fura.

Bayan baƙi sun tafi na tambayi Baba ko lafiya. Ya ce, "Kiɗa suka zo nema, sun sami kiɗa." Na sake tayar da maganar sau ɗaya, shekaru bayan nan, lokacin ciwo ya fara kwantar da shi. Na ce, Baba, wai abin nan da ka kaɗa musu na gaske ne kuwa? Ya ce, "Da ka koya ai da ba ka tambaya ba." Wannan maganar ta yi mini zafi, har yau tana yi, domin gaskiya ce.

Sai bayan rasuwarsa da shekara huɗu na sami amsa. Baba Tanko ya zo Gumel a duba masa ido, ya sauka a gidana. Bayan la'asar muna zaune a falo aka sako shirin. A farkonsa akwai inda mai gabatarwa yake ta zuba bayani kan tarihin noma a ƙasar Hausa, ana nuna Baba a zaune yana gyaran ganga, sautin yatsunsa can ƙasa-ƙasa a bayan maganar. Ban ankara ba sai na ga tsohon nan ya dafa kujera ya miƙe, jikinsa na rawa.

"Ɗan Idi, ka ce wa mutumin nan ya yi shiru mana! Nawa ne wannan. Ga na Audu nan ya shigo. Wannan na gidan su Garba ne, Allah ya jiƙansa."

Na ce, "Baba, ai gyaran ganga yake yi."

"Gyaran me? Gaishe mu ya yi. Da yatsa ya taɓa, bai ɗauki gula ba, ka ga ba kira ba ne. Ya zaga mu ɗaya-ɗaya yana ce mana mu yi zamanmu, abin da zai biyo baya ba namu ba ne, na baƙi ne."

Da aka shiga babban kiɗan sai ya koma ya zauna ya nemi ruwa. Ashe duk tsofaffin da ke gindin gawo sun sani tun ranar, suka haɗa baki suka yi gum, suka bar ni da babbar rigata ina washe haƙora a talabijin.

Yanzu ina yawan tambayar kaina abin da Baba zai ce da zai leƙo ya ga zamanin nan. Gayya ta yi wuya, wanda yake da hali ya ɗauko tarakta, wanda ba shi da shi ya sayi magani ya fesa. Duk tsawon hanyar Gagarawa zuwa Sule Tankarkar za ka ga riɗi da gero sun yi kyau, amma ba za ka ji ganga a gona ba. Shirin nan kuwa ya fita daga talabijin ya shiga wayoyin mutane. A wani ɗaurin aure da na je bara, jikokin Audu suka sa kiɗan a lasifika suna taka rawa, suna cewa taken kakansu ne. Na ji an ce har masu bincike daga jami'a suna kafa hujja da shi. Na san da farko Baba zai yi dariya har da ƙwalla, ya ce ai ya faɗa, ga shi ana kaɗa wa matattu take a gidan biki, gara da bai ba su na gaske ba. Amma ina jin dariyar ba za ta daɗe ba idan ya tambaya wa ya riƙe na gasken, aka ce masa babu. Ya ɓoye abin ne don ya tabbata akwai masu shi a raye, bai kawo a ransa cewa ƙaryar za ta fi su tsawon rai ba.

Ranar Asabar ɗin nan na zauna da wayata a shirye, ina so in naɗi ɗan wurin nan na farko. Sai na ga sun sake wa shirin fuska. An sa masa sabon kiɗan buɗewa irin na kwamfuta, an gajarta shi, daga sallamar mai gabatarwa sai Baba a tsaye da gula. Wurin gyaran gangar babu shi. Na tashi na kashe talabijin.

Litinin na buga waya gidan talabijin ɗin. Aka yi ta mini hanya-hanya har na dace da wata baiwar Allah mai ladabi, ta ce suna mayar da tsofaffin kaset cikin kwamfuta, suna kuma rage wuraren da ba a komai. Na tambaye ta ina ainihin kaset ɗin. Ta ce yana ɗakin ajiya in sha Allahu, sai dai wasu an ɗora wani abu a kansu tun da daɗewa, in rubuto takarda za a duba. Ni da na yi shekara talatin a ofis na san inda "za a duba" yake kwana. Ta ƙara da cewa za su so su zo su ɗauki ɗan marigayi yana ba da tarihi. Na ce yaushe? Ta ce sai ruwa ya ɗauke. Ban zarge ta da mugunta ba, ban ma zargi dogon nan na da ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne aikin da ke zuwa ƙauye da ranarsa a rubuce, ya ɗauki abin da ya fi ƙara, ya yanke inda tsoho ya yi ƙasa da murya. Don haka nake roƙon duk wanda mabuɗin ɗakin nan yake hannunsa, don Allah ya duba mana. Wurin da kuke ganin ba a komai, shi kaɗai ne aka yi wani abu.

Idan na auna abin da ya rage na Baba, ba shi da yawa. Akwai ganga, tana ɗakina, na sa an sake mata fata. Akwai shirin da ya sa aka san sunansa, wanda rabinsa wasa da hankali ne. Akwai halin zargin nan da ya bar mini, wanda ya zo mini a makare, bayan na riga na kai masa baƙi. Sai Baba Tanko, shi kaɗai ya saura cikin mutanen gindin gawo. Idon ya tafi, kunnen yana bin sa. Yana gane take idan ya ji, amma manomi ne, bai iya kaɗawa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na ɗauki gangar na tafi Ɗanzomo. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, na ce masa zan riƙa taɓawa da yatsa, idan na yi kusa da nasa ya faɗa mini. Muka yi ta yi. In taɓa ya ce a'a, ya kwatanta da baki, in sake ya ce a'a. Ya ce hannuna na biro ne. Har la'asar ta yi sanyi yatsuna suka kumbura, ni da furfurata ina gumi a gaban tsoho. Can na sake gwadawa, sai ya ɗaga kai, ya ce, "Shi ke nan, ɗan Idi, ka samu. Allah ya jiƙan mahaifinka."

Na ce amin, na yi masa godiya, na rataya gangar. Amma tun da na fara idona yana kan kafaɗarsa, kuma ba ta motsa ba. Baƙo ya ɗauke ni, wanda ya sha hanya yana neman kiɗa, ya ba ni abin da zan koma gida da shi, kamar yadda amininsa ya ba 'yan talabijin.