Matar da Ke Ɗora wa Fara Kaya

Ƙarfe bakwai na safe za ka same ta a ɗakin bincikenmu, ta sunkuya kan madubin ƙara girma, hantsaki a hannu. Ko shayi ba ta sha sai ta gama, wai yana sa yatsu rawa. Mama Mai Fara muke ce mata, kuma shekara ashirin da shida ke nan tana tare da ƙwari.

Aikin nata? Ta sa fara ko gizo-gizo a sanyi har ya lafa, ta cusa wayar da ta fi gashi siranta cikin tsokar ƙafarsa, ta manna masa 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a gadon baya. Sai a sake shi ya yi yawonsa babu igiya, na'urar tana aika wa kwamfuta duk motsin tsokar.

Bara, saura wata biyu in miƙa aikin digirina kan tsallen fara, na samu sakamakon da har Farfesan da ke duba aikina ya miƙe tsaye yana murna. Sai ga Mama ta ja ni gefe.

"'Yar nan, fara bakwai ɗin nan na ƙarshe, cire su daga aikinki."

"Haba Mama! Su ne fa aikin gaba ɗaya!"

"Na duba su jiya. Wayar ta zarce cikin wata tsokar. Hannuna ne ya fara rawa."

Wallahi kuka na yi. Har na ce mata, ina jin kunyar faɗa yau, "To wa zai sani?"

"Ni na sani," in ji ta. "Yanzu ke ma kin sani."

Ta san maganar nan ita ce ƙarshen aikinta, amma da ƙafarta ta je ta gaya wa Farfesa. Ta dawo ta zaunar da ni a kujerarta, ta miƙo min hantsakin. Sati shida tana tsaye a kaina. Farar da na kashe ta fi talatin.

"Kai, ke kam mahauciya ya kamata ki zama!" in ji Mama.

A ta talatin da huɗu, fara ta daka tsalle, layi ya motsa a kwamfuta, Mama ta rangaɗa guɗa. Sakamakon bai kai na farko armashi ba, amma gaskiya ne, kuma na ci jarrabawata.

Mama, ranar Juma'a za ki ajiye aiki. Ke ce mai hannun zinariya, ke ce kika gwammace ki rasa kujerarki da ki bar ni in tsaya gaban malamai da ƙarya. Na gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu aikin da ba mai duba bayanku, ga wadda za ku koya daga gare ta.

Jiya na duba wata fara da na sa wa waya da hannuna, na ga na kuskure. Ba kowa a ɗakin. Na tashi na nufi ofishin Farfesa.