Kwanon da Na Mayar wa Yayana

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da yayana. Shi ya zauna a Gashua yana kamun kifi, Musulmi kamar iyayenmu. Ni kuma na tafi Nguru neman aiki, a can na karɓi addinin Kirista, na yi 'yar makarantar Littafi Mai Tsarki. Bai taɓa yi mini faɗa a kan haka ba. Duk babbar Sallah sai ya ba direba kwanon soyayyen naman layya a kawo mini.

Shekarar da ikkilisiya ta ce za ta tura ni aikin bishara Nijar, zuciyata tana zafi da kishin addini. Kwanon ya zo, na ce wa direban ya mayar, ba na cin abin da aka yanka don wani addini. Ko murfin ban ɗaga ba. Matata ta ce in juye mu ba maƙwabta, kwano dai ya koma kamar an ci. Na ƙi. Muka bi ta Machina muka ƙetare, ban je Gashua sallama ba.

Ƙauyen da aka kai mu rairayi ne zalla, rijiyarsu mai zurfi, kuma babu Kirista ko ɗaya. Na zaci za su kore mu. Maimakon haka, kullum da yamma sai tuwon gero ya shigo daga gidaje, don a wurinsu baƙo na kowa ne. Mai gari yakan zauna ya saurari karatuna har in gama, ya ce madalla, ya tashi ya yi alwala. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka bi ni ba su cika tabarma ɗaya ba.

A can matata ta rasu, cikin bazara. Na zauna ban san inda zan fara ba, ni da na saba binne mutane cikin taron 'yan'uwa da waƙa. Mutanen gari suka haƙa kabari, suka tambaye ni ta ina muke juya kan mamaci. Suka tsaya a baya na yi addu'ata ni kaɗai. Da aka kawo abinci na ce ba na iya ci, mai gari ya tura kwanon gabana.

"Malam, ko loma ɗaya ka yi. Matar da ta dafa za ta duba in an dawo da shi."

Na ci, hawaye na zuba a miya. Sai a ranar na yi tunanin matar yayana tana buɗe wancan kwanon a tsakar gida, a gaban 'ya'yanta.

Duk da haka ban dawo nan da nan ba. Kunya ta riƙe ni, nakan ce wa kaina aiki ne. Sai da labari ya iske ni cewa ciwon ƙoda ya kwantar da yayana, sannan na kamo hanyar Gashua.

Na same shi a zaure, ƙafafu sun kumbura, taru a rataye ya yi ƙura. Tun daga Nguru nake shirya maganar neman gafara. Ya dube ni ya ce:

"Auta, wa ya ba ka izinin riga ni furfura?"

Na fara, "Yaya, abin da na yi maka..." Ya ɗaga hannu, ya tambaye ni ko can ma suna da kogi. Na ce babu. Ya ce lalle na sha wahala. Ya yi mini ta'aziyyar matata, ya ce ita ce mai hankalin gidanmu. Kullum na ɗauko zancen sai ya kawo na ruwa da shinkafar ƙauyen Dagona.

Kafin kaka ta zo ya rasu, ban ƙarasa maganar ba. Da aka jera sahu za a yi masa salla, na tsaya a gefe ƙarƙashin dalbejiya har suka idar, sannan na bi gawarsa da ƙafa.